Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu a Idi-Araba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, malamanmu likitoci, 'yan uwa ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji, da ƙannenmu ɗalibai, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi ma'aji zai kawo shi daban, ni sai dai in taɓa shi a gurguje.

Saboda sababbin shiga, yana da kyau a tuna dalilin haɗuwarmu. Tun 1962 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, da Kwalejin Koyon Likitanci suke nan Idi-Araba, katanga ɗaya da tsohuwar unguwar Hausawa mai sarkinta. Ga kuma mutanenmu da ake turowa daga Agege da Mile 12 da Alaba Rago, da yawansu ba Turanci ba Yarbanci. Mu da muke cikin katangar muna jin harshen likita, muna jin na gida. Wannan shi ne jarinmu, kuma duk aikin da ya yi albarka bana daga nan ya fito.

Jadawalin tafinta da muka tsara ta WhatsApp ya zauna da gindinsa. In an kira, wanda ba ya kan aiki ko aji sai ya leƙa. Inda muke da giɓi shi ne ɓangaren mata. Ma'aikaciyar jinyarmu ta tarar da wata baiwar Allah a layin ganin likitan mata, ɗanta ɗan firamare ne tafintanta. Ko me aka tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ciwon ciki. Da aka fitar da yaron waje, 'yar uwarmu ta zauna kusa da ita, sannan ta faɗi cewa jini ne ya daɗe yana zubar mata. Yaya uwa za ta faɗi wannan ta bakin ɗanta? Muna roƙon 'yan uwa mata su ƙara ba da sunayensu. Sharaɗin kuma yana nan: abin da ka ji a gaban likita a can zai tsaya, ko da mara lafiyar maƙwabcinka ne.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne batun bincike. Asibitin koyarwa ba magani kaɗai yake yi ba. Likitocin da ke neman ƙwarewa sai sun gabatar da kundin bincike kafin a ba su shaida, ɗaliban ajin ƙarshe suna da nasu, ga kuma Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya nan kusa a Yaba. Amma da an miƙo wa ɗan Arewa takarda an ce ya dangwala, sai ya ja da baya, kuma ni ban ga laifinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba su wani magani daban, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003, kuma sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Don haka ba mu je unguwa mun ce wa kowa ya shiga bincike ba. Haƙƙinsa muka koya masa. Tun 2007 ƙasar nan tana da ƙa'idar binciken lafiya, kuma ba a fara bincike a kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince. Dole a gaya maka abin da ake nema da haɗarin da ke ciki, da harshen da kake ji. Kana iya cewa a'a. Kana iya shiga ka fita a tsakiya, kuma ba za a rage maka kulawa saboda haka ba. Wanda ba ya karatu, a karanta masa gaban shaida kafin ya dangwala. Membobinmu sun taimaka wa masu bincike juya irin waɗannan takardu zuwa Hausa, wani ya juya, wani daban ya mayar Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce. A ganina ƙauracewa baki ɗaya ma asara ce, domin in ba a ji ta bakin mutanenmu ba, za a tsara musu lafiya da bayanan wasu.

Da izinin Sarkin Hausawa da liman, mun yi gwajin rukunin jini na sikila a harabar masallaci bayan Juma'a. An ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato yana da gadon ciwon amma ba ya fama da shi, da yawa ba tare da sun sani ba. Abin da ya fi wuyar shiga kan jama'a shi ne lissafin: in AS ya auri AS, kowane ciki da kansa yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Ba wai in na farko ya zo da ita sauran ukun sun tsira ba. Shawararmu ga samari, a yi gwajin kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan an sa rana ba. An yi ta tambayarmu kan dashen ɓargo na maganin sikila da LUTH da Gidauniyar Sikila, wadda ke tsallaken titi, suka fara a 2024. Gaskiya ne, amma yana da tsada, yana da haɗari, kuma galibi sai an samu ɗan uwa na jini da ya dace. Kada wanda ya sayar da fili a kan jita-jita kafin ya ga likitan jini.

Ba da jini mun ɗaga shi zuwa bayan ƙaramar sallah, kuma haka ya fi. 'Yan kasuwa da direbobin tirela sun fi 'yan boko fitowa, a faɗa da babbar murya. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, lafiyayyen jiki kuma yana mayar da shi cikin makonni.

Ɗalibai kuwa, mun tarbi waɗanda suka ƙaro daga Akoka bayan shekarar farko, muka haɗa kowa da wani na gaba da shi. Makon farko a ɗakin fiɗar gawa ba wasa ba ne. Warin sinadarin adana gawa yana sa hawaye, yana bin riga har ɗaki, wasu sukan kasa cin nama, wasu kuma zuciyarsu takan yi nauyi a kan hukuncin taɓa gawa. Mun gayyato malami da babban likita suka zauna da su tare, kuma an samu natsuwa. Darasin bita na daren Asabar ya ci gaba har jarrabawa, haka buɗa baki na haɗin gwiwa da azumi. Kuɗin haya a Mushin da Surulere ne har yanzu ya gagare mu.

Mun yi bankwana da wasu manyanmu da suka tafi aiki Ingila da Saudiyya. Allah Ya sa alheri, amma darasin bita ya ji tafiyarsu. Mun roƙe su su riƙa shigowa ta intanet.

Kuɗin wata ya yi ƙasa, kuma masu albashi sun fi ɗalibai bashi. Ma'aji yana da sunaye.

A shekara mai kamawa kwamiti yana neman amincewarku kan horar da tafintoci mata, da kai gwajin sikila Agege. Wa'adinmu ya cika, za a yi zaɓe a babban taro mai zuwa. Mai son tsayawa ya miƙa sunansa ga iyayen ƙungiya, bayan ya biya bashinsa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya