Godiya ga mai gyaran rediyo na kasuwar Wadata, Yamai

Assalamu alaikum, Malam.

Na san ba ka son a yi ta kiran sunanka, shi ya sa na sakaya shi. Masu bi ta layin masu gyara a Wadata sun san shagon da nake nufi, wanda tsofaffin rediyo ke jibge har bakin ƙofa. Na rubuto ne in gode maka a bainar jama'a, don ka faɗa mana gaskiya a inda ɓoye ta ya fi kawo maka ciniki.

Baba yana da tsohon ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan lasifika biyu tun zamanin kaset. Wurin sa kaset ya daɗe da mutuwa, tafsiri da kiɗan gurmin da yake so kuwa duk sun koma cikin 'yar na'urar MP3 da ba ta fi kwalin ashana girma ba. Tsoho kuma ba ya jure abin sawa a kunne. Duk inda na kai maganar, amsa ɗaya ce: a yar da tsohon, a sayi sabo mai Bluetooth.

Kai da ka karɓa, bayan ampilin ka fara juyawa. Ka share ƙurar hunturu da ta cika ramukan, ka nuna mini guda biyu, ja da fari, an rubuta AUX a samansu. Ka ce, "Alhaji ba ya buƙatar sabon kaya, waya ɗaya ce ta rage masa." Wayar kuwa ita ce mai ƙaramin kai na milimita 3.5 a gefe ɗaya, wanda ke shiga ramin abin kunne, ɗaya gefen kuma kawuna biyu da ake kira RCA: ja na lasifikar dama, fari na hagu. Kuɗinta bai kai na man babur da na ƙona wajen yawon tambaya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka miƙo mini wayar ka sallame ni ba. Ka zaunar da ni a benci, ka nuna mini ramin da aka rubuta PHONO, ka ce kada a kuskura a sa a nan. An yi shi ne don garmaho mai allura, wanda sautinsa ke fitowa da rauni ƙwarai, saboda haka ramin yana ƙara ƙarfi sosai, yana kuma ɗaga amon ƙasa. Ka gwada mini na ɗan lokaci don in ji da kunnena: muryar malamin ta dusashe, lasifika na ta gurnani. Ka ce idan AUX ya lalace wata rana, ramin CD ko na TAPE IN zai yi aikin daidai, don ƙarfin da suke karɓa ɗaya ne.

Sauran dabarun ma na riƙe su. A rage ampili ƙasa kafin a soka waya ko a zare ta, don ƙarar nan ta "ɓus" tana cutar da lasifika. A ɗaga sautin MP3 zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, sannan a daidaita da maɓallin ampili. Idan kuma aka ji zuuu a ƙarƙashin sauti, a duba ko na'urar na jikin caji, galibi daga nan ne, musamman da arahar caja. Har kan wayar ka sa na ƙirga: zobba biyu baƙaƙe shi ne sitiriyo, mai ɗaukar sautin dama da na hagu, zobe ɗaya kuwa sautin gefe ɗaya kawai yake ɗauka.

Yaronka ma ya cancanci yabo. Shi ya fesa wa maɓallin sauti magani har ƙarar da yake yi idan an murɗa shi ta daina, kuma da na miƙa masa na goro sai da ya kalle ka tukuna.

Yanzu bayan La'asar Baba na zaure, maƙwabta na zuwa sauraren tafsiri tare da shi. Ya ce in gaishe ka, kuma in gaya maka rediyonsa mai gajeren zango na nan tafe, tana jiran hannunka.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya ƙaro kasuwa, ya raya zuri'a.

Naka,
wani ɗan unguwar Bukoki, Yamai