Zuwa ga ɗana, kan maganar haihuwa

Assalamu alaikum. Da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Na rubuto ne don maganar ta yi wa bakina nauyi in muna zaune ido da ido.

Gwaggonninka sun dame ni, wai shekara 3 da aure shiru, ka ƙara mata. Na ce su dakata. Ka san a aikin asibiti na yi furfura a Maradin nan. Cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, kusan rabi akwai matsala ta wajen mijin, amma kullum matar ake ɗura wa jiƙe-jiƙe.

Namiji gani yake tun da ƙarfi na nan, ruwa na fita, shi ke nan. Ba haka ba ne. A ƙarƙashin mafitsara akwai wani ƙullutu kamar goro, furostat, da ke ba da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan maniyyi. Cikin ruwansa akwai ƴan mitsi-mitsin jakunkuna waɗanda ido ba ya gani. Wani likitan Suwidin, Gunnar Ronquist, ya gano su a ƙarshen shekarun 1970. Ni guzurin matafiyi nake ce musu. Suna manne wa ƙwayar maniyyi su taimaka mata wajen iyo, su kare ta daga garkuwar jikin mace da ke ɗaukarta baƙuwa, su kuma tsare ta kada ta nuna tun ba ta kai ga ƙwai ba. In furostat ta kumbura da ciwo, ruwanta kan gurɓace, ko da ƙwayoyin na da yawa.

Abin da ke cin raina shi ne tsargiyar da ka yi kana yaro, lokacin da ba ka fita daga tafkin Madarumfa. Ƙwan tsutsarta kan kai har furostat. Ciwon sanyin da ba a gama maganinsa ba ma yakan taɓa ta. Wannan ban tambaye ka ba.

Ka je a auna maniyyinka. Za su ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 tukuna. In sakamakon bai yi daɗi ba kada ka tsorata, sabuwar ƙwaya na ɗaukar fiye da wata 2 kafin ta kammala, sai a sake awo. Maganin ƙarfin maza na bakin tasha kuwa, bar musu kayansu.

Haihuwa ta Allah ce, amma Shi Ya ce a nema. Mahaifiyarka ba ta san na rubuto ba. Ka gaida mini ɗiyata, takardar awon kuma ka kawo mini in ka zo Salla.

Mahaifinka