Gaisuwar hannu ta shugabanni: a fara duba wanda ya miƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne daga nan Tahoua kan wata ɗabi'a da ta fara samun gindin zama a jaridunmu da gidajen rediyonmu, wato auna ƙarfin shugaba da yadda ya damƙi hannun takwaransa. Da zarar shugabanni biyu sun gaisa a gaban masu ɗaukar hoto, sai ka ji masu sharhi suna cewa wane ya fi wane, domin hannunsa ne a sama, ko domin shi ne ya ƙi saki. Wannan ma'auni na aro ne, kuma a ganina bai dace da idon Bahaushe ba.

Ban musa cewa Turawa suna kokawa da hannu ba. Ranar 25 ga Mayu 2017, a birnin Burusel, Emmanuel Macron, wanda bai cika mako biyu a kan mulkin Faransa ba, ya damƙi hannun Donald Trump ya ƙi saki, kuma daga baya ya gaya wa wata jaridar ƙasarsa cewa da gangan ya yi. Yana da dalili, domin a watan Fabrairu na shekarar Trump ya riƙe hannun Shinzo Abe na Japan har daƙiƙa 19 yana fizga, a watan Maris kuma ya yi kunnen uwar shegu a ofishinsa lokacin da ƴan jarida suka nemi ya gaisa da Angela Merkel ta Jamus. Na tuna samarin fadar unguwarmu suna zagaye da butar shayi, suna maimaita bidiyon a waya suna shewa, kai ka ce Macron ne ya ɗauki takobin kokawar ƙasa. Kwana bakwai cif bayan haka, ranar 1 ga Yuni, Trump ya sanar da ficewar Amurka daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, wadda Faransa take tinƙaho da ita. Damƙar ba ta hana shi komai ba.

A wurinmu babba ba ya nuna girmansa da ƙarfin yatsu. Yaro ba ya fara miƙa wa dattijo hannu, jira yake yi, idan kuma aka miƙo masa sai ya rusuna, ya tallafi hannunsa na dama da na hagu, sannan ya mayar da shi ƙirji. A fadar sarki abin ya ma wuce haka, domin mai gaisuwa yana tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi jinjina, fadawa ne za su amsa masa cewa sarki ya gaishe shi, hannun sarki kuwa bai motsa ba. Wanda ya matse hannun dattijo har ya ji zafi ba a kiransa jarumi, marar tarbiyya ake ce masa. Addini ma ya koya mana cewa musafaha hanya ce ta samun gafara tsakanin Musulmi biyu, ba filin gwada ƙwanji ba. Saboda haka idan shugaba daga ƙasashenmu ya karɓi hannun baƙo da hannu biyu, bai kamata mai sharhi ya yi gaggawar kiran abin ƙasƙanci ba, domin mai yiwuwa tarbiyyar gida ce ta biyo shi.

Na taɓa ganin abin da idona lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye. Wani babban jami'i ya zo ziyara, aka jera mu cikin rana tun hantsi, da ya iso kuma sai ya riƙa ba kowa kan yatsunsa kawai, idonsa yana kan na gaba. Da ya kai kan wani tsohon limami, tsohon ya karɓi hannun da nasa biyu cikin ladabi, ya riƙe shi a hankali, ya shiga tambayar gajiya da iyali da sanyi, bai sake shi ba sai da ya kai ga maganar rijiyar garin da ta rufta. Masu tsaro suka rasa yadda za su yi, domin ba a fizge hannu daga na dattijo a gaban jama'a. Da an ɗauki hoto a wannan lokaci, jami'in ne za a gani a tsaye, tsohon a rusune, alhali a cikin waɗannan mintuna tsohon ne ke da iko.

Gaisuwar da ta shiga tarihi ma ba a ƙirga mata daƙiƙa ba. Shugaban Amurka Richard Nixon ya sauko daga jirgi a Beijin a watan Fabrairu 1972 da hannunsa a miƙe, domin ya san cewa Zhou Enlai, firaministan Sin, yana riƙe da zafin wulaƙancin da aka ce sakataren harkokin wajen Amurka ya yi masa a Janeba a 1954, lokacin da ya ƙi gaisawa da shi. Ranar 13 ga Satumba 1993 Yasser Arafat, jagoran Falasɗinawa, shi ne ya fara miƙa hannu, Yitzhak Rabin, firaministan Isra'ila, ya yi jinkiri kafin ya karɓa, bayan shekara biyu kuma wani ɗan Isra'ila ya harbe Rabin saboda wannan sulhu. A Kenya, gaisuwar shugaba Uhuru Kenyatta da jagoran adawa Raila Odinga ta ranar 9 ga Maris 2018 ta kwantar da rikicin da ya biyo bayan zaɓe. Shi kuwa Vladimir Putin, da Macron ya je masa a Mosko a Fabrairu 2022, sai ya zaunar da shi a ƙarshen wani dogon tebur ba tare da sun gaisa da hannu ba. An ce gwajin korona ne dalili, amma duk wanda ya taɓa zuwa fada ya san abin da nisa yake nufi.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne idan za ku buga irin waɗannan hotuna, ku gaya mana wanda ya yi tattaki zuwa wurin wani, da wanda aka bari yana jira a zaure, da wanda ya fara miƙa hannu, sannan ku bi mana sawun takardar da suka sa wa hannu bayan masu hoto sun fita.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tahoua.