Amsa ga Malam Kan Batun Kuskuren Matuƙin Jirgi

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

A taron da aka yi a Gusau ka tambaye ni gaban jama'a: idan jirgin sama ya daki dutse kowa ya rasu, me ya sa muke cewa kuskuren matuƙi ne? Wannan ba musun ƙaddara ba ne, ba kuma cin naman mamaci ba? Ga amsata.

Ranar 9 ga Mayu, 2012, sabon jirgi ƙirar Rasha, Sukhoi Superjet 100, ya tashi daga Jakarta ta Indonesiya don a gwada wa masu saye. Mutum 45 ne a ciki, jirgin kuma lafiyarsa ƙalau. Matuƙan suka sauko zuwa ƙafa 6,000, alhali Dutsen Salak da ke kusa ya haura ƙafa 7,000, ga gajimare ya lulluɓe shi. Malam ya san yadda hazon hunturu ke ɓoye Dutsen Kwatarkwashi sai an zo gindinsa. Na'urar gargaɗi ta yi ta ƙara tana cewa a ɗaga sama. Babban matuƙin ya ɗauka rikicewa ta yi, ya kashe ta, hankalinsu yana kan hira da wani baƙo a ɗakin tuƙi. Ba wanda ya tsira.

Ba zato ake yi ba, na'urar naɗar murya ce ta adana duk wannan. Na yi imani ajalinsu ne ya zo, amma ajali yana da sanadi, kuma ba a hana mu duba sanadi ba. Malam ya fi ni sanin amsar Sayyidina Umar da ya fasa shiga Sham saboda annoba: daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ƙa'idar binciken hatsarin jirgi ta duniya ma cewa ta yi manufarsa hana maimaituwa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba.

Mu ma abin ya taɓa mu. A 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Bincike ya nuna an tashi cikin mummunan yanayi, kuma matuƙan ba su tunkari iskar yadda ya kamata ba. Faɗin haka yana da ciwo, Malam, musamman ga iyalansu. Amma da irin waɗannan rahotannin ake horar da matasan da za su ɗauki alhazanmu gobe, shi ya sa ba zan so a ɓoye su ba.

Allah ya jiƙansu baki ɗaya, matuƙa da fasinja.

Ɗalibinka, daga Gusau.