A yi wa karnuka da kyanwoyi fiɗiya da rahusa, amma a hannun masu aikin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Mu wasu likitocin dabbobi ne da ma'aikatan kiwo, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu amsa wata tambaya da masu karnuka da kyanwoyi ke yawan yi a nan Yamai, daga Bukoki zuwa Talaje har Harobanda: ina za a kai dabba a tsayar mata da haihuwa ba tare da aljihu ya yi kuka ba? Amsarmu ita ce ana iya samun sauƙi, amma sauƙin yana zuwa ne ta hanyar shiri da haɗa kai da zaɓen lokaci. Wanda ya nemi sauƙi ta hanyar rage wani abu daga cikin aikin, dabbarsa ce za ta biya.

Karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Kyanwa ta fi ta sauri: tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, ƴaƴa 3 zuwa 5 kowane karo, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin tun tana shayarwa. Ƴaƴan da ba su samu mai ɗauka ba su ne ake zubarwa a bola da bakin kwata, waɗanda suka rayu su zama karnukan titi marasa riga-kafi. Nan ne maganar ta shafi har wanda bai taɓa kiwon kare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne.

Aikin iri biyu ne, farashinsu kuma ba ɗaya ba. Namiji fiɗiya ake yi masa, a cire ƴaƴan maraina biyu. Ga muzuru abin minti 10 ne, sau da yawa ko ɗinki ba a yi. Ga kare ana tsaga fata a gaban jakar maraina, a ɗaure jijiyoyi, a ɗinke, minti 20 zuwa 30. Mace kuwa sai an buɗe ciki, a ɗaure jijiyoyin jini, a cire ƙwayayen haihuwa biyu, galibi tare da mahaifa, sannan a ɗinke bangon ciki da ƙarƙashin fata da fata, hawa uku. Shi ya sa kuɗinta ya fi. Abu na biyu da ke ɗaga farashi shi ne nauyi, domin allurar barci da ta rage zafi da kilo ake auna su. Karya mai kilo 25 ta ninka mai kilo 10 cin magani da zare, kuma mai ƙiba ta fi wuyar aiki saboda kitse yana rufe jijiyoyin da za a ɗaure. Akwai kuma namijin da marainansa ɗaya bai sauko ba, ya maƙale a ciki. Shi ma sai an buɗe ciki, don haka kada mai shi ya yi mamaki in aka ce masa kuɗin mace.

Ina za a je? A Yamai akwai asibitocin dabbobi masu zaman kansu, akwai kuma ma'aikatar kiwo ta jiha, inda za a iya tambayar likitan da ke yi wa ƙananan dabbobi tiyata. A jihar Tawa da sauran karkara akwai tsarin SVPP, wato likita mai zaman kansa da mataimakansa da ke zagaya ƙauyuka. Mataimakan nan sun ƙware a riga-kafi da maganin tsutsar ciki, amma ba a horar da su buɗe ciki ba. Sai dai su haɗa ka da likitan. Ko likitan ma a tambaye shi kai tsaye ko ya saba da aikin karya da kyanwa, domin da yawa daga cikinmu shanu da tumaki da raƙuma suka fi shiga hannunsu, kuma likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. In ana shakkar takardunsa, akwai ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa, ONVN, wadda ke riƙe da rajistar masu izinin aiki.

Kafin a yi ciniki a tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa. Akwai allurar rage zafi a ciki? Cire zare da duba rauni fa? Da me ake tsabtace kayan aiki? Amsar da ake so ita ce tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121, aƙalla minti 15 zuwa 20, kuma kowace dabba da nata ƙunshin kaya. Almakashin da aka goge da auduga aka wuce kan dabba ta gaba bai isa ba. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, sau da yawa ɗaya daga cikin waɗannan aka tsallake.

Hanyar da ta fi rage kuɗi da gaske ita ce ranar taro. Mutanen unguwa su haɗa dabbobi 10 zuwa 15, su je wa likita da magana ɗaya. Kwalbar maganin barci da aka buɗe za ta ƙare a ranar ba a zubar ba, kwalbar riga-kafin haukan kare mai allura 10 za ta tafi duka, kuɗin zuwan likita da na mataimakinsa a raba, shi kuma yana da dalilin sassautawa. Mai unguwa ko matasan fada za su iya rubuta sunaye, a yi adashi na wata biyu ko uku kafin ranar. In kuɗin bai kai na kowa ba, shawararmu a fara da mata. Mun san fiɗiyar namiji ta fi araha kuma ita mutane ke ruga wa, amma namiji ɗaya da ya rage a unguwa ya ishi dukan matan. Mace ɗaya da aka yi wa aiki ta fi namiji rage yawan ƴaƴa.

Lokaci ma kuɗi ne. Kyanwa a kai ta tana wata 4 zuwa 5, karya kusan wata 6, manyan iri a jira su kusanci shekara in za a iya tsare su. Ƙaramar dabba ba ta cin magani da yawa, jijiyoyinta sirara ne, ta fi saurin warkewa. Kada a kai karya tana cikin barbara, domin mahaifa ta kumbura da jini kuma nama yana saurin yagewa. A jira wata 2 zuwa 3 bayan ta gama. Mai shayarwa a bari ta yaye, nono ya ƙafe kamar mako biyu zuwa uku. A yanayinmu watannin ɗari sun fi dacewa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, in ya zama dole a yi aikin da sassafe. Da damina kuma ƙuda ne abin tsoro, domin yana zuba ƙwai a rauni ya zama tsutsa.

Yanzu ga arahar da muke roƙon a guje mata, don araha ba ta ado. Ta farko ita ce allurar tsarin iyali ta mata, irin Depo-Provera, da wasu ke saya su yi wa karya ko kyanwa. Tana hana barbara na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma sinadarin da ke cikinta yana kumbura bangon mahaifa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, mahaifa ta cika da mugunya. Dabbar sai ta daina cin abinci, ta riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari ya riƙa fita ta baya. Maganinsa shi ne tiyatar nan dai da aka gudu, amma yanzu ta gaggawa, da ƙarin ruwa da kwanakin jinya, a kan kuɗin da ya ninka, kuma ba kowace ke tashi ba. Allurar tana kuma jawo ƙari a nono. In aka yi ta ga mai ciki, haihuwa tana iya gagara, ƴaƴan su mutu a ciki.

Ta biyu ita ce dandaƙa irin ta bunsuru, da roba ko da matsi ko da reza ba allurar barci. Jikin kare ba na bunsuru ba ne. Haƙoransa suna kaiwa wurin, zai ciji robar, wurin ya ruɓe, jini ya ɓalle. Ta uku ita ce kashe karnuka da guba. Bayan azabar da ke cikinta, tana kashe karen maƙwabci mai riga-kafi da ungulu, tana kuma iya kaiwa hannun yaro. Ba ta ma rage yawa: muddin bola da ragowar mahauta suna nan, wasu karnukan za su shigo su cike gurbin.

Shirin gida yana rage haɗari, kuma kusan kyauta ne. Mako ɗaya ko biyu kafin ranar a ba da maganin tsutsar ciki, a kashe kaska da ƙuma. Kaska tana ɗauke da cututtukan da ke rage jini kuma suke hana shi daskarewa. A ɗaga leɓen kare a duba dasashi. In ya yi fari maimakon ja-ja, a ɗage aikin a yi magani tukuna. Babbar dabba a hana ta abinci awa 8 zuwa 12, ruwa kuwa a bar mata har safiya. Dalili shi ne maganin barci yana sa amai, abincin ya faɗa huhu. Ƴan ƙanana ba a barinsu da yunwa haka, awa 3 zuwa 4 ya isa. Kyanwa a kawo ta cikin kwando mai murfi, domin a hannu ko a kan kabu-kabu tserewa take yi. Masu karnukan Azawak, musamman a wajen Abalak da Cintabaradan, su tunatar da likita: siraran karnukan farauta ba su da kitse, suna jinkirin farfaɗowa daga wasu magungunan barci, sanyi kuma yana saurin kama su a kan tebur.

Yawancin matsala bayan aiki lasa ce. Kare yana iya warware ɗinki cikin dare ɗaya, in na ciki ya buɗe hanji ya fito. A sa masa abin wuya; ƙaramin bokitin roba da aka huda gindinsa aka ɗaure da ƙyalle yana yi, tsohuwar riga ma tana rufe cikin kyanwa. A tsare dabbar kwana 10 a inuwa, kan tabarma ko kwali mai tsabta, ba kan yashi ba, ba wanka, ba tsalle. Daren farko rabin abincinta ya isa. A duba rauni safe da yamma, a shafa maganin rauni Bétadine in likita ya ce, kada a zuba toka ko baƙin mai. Zare ana cire shi a kwana 10 zuwa 14. In jini yana ɗiga, ko dasashi ya yi fari, ko ta ƙi abinci fiye da kwana ɗaya, a koma nan take. Muna kuma jaddada wannan da babbar murya: kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa mace ciki har mako 4 zuwa 6 bayan aikin, sai a raba shi da mata.

Masu cewa fiɗiyayyen kare ba ya gadi, ko kyanwa za ta daina kama ɓera, ba haka ba ne. Abin da ke raguwa shi ne yawon dare da faɗa a kan mace, da ƙarin nan mai zubar da jini a al'aura wanda karnuka ke ɗauka wajen barbara. Ƙiba kuwa gaskiya ce, maganinta a rage abinci da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba dole ba ne mace ta haihu sau ɗaya kafin a yi mata. Yin aikin da wuri ma shi ke rage haɗarin ƙarin nono. Ta fuskar addini, malamai da yawa sun halatta fiɗiyar dabba in akwai maslaha kuma ba a azabtar da ita ba, mai shakka kuma ya tambayi malaminsa.

Muna kira ga hukumar birnin Yamai da gundumominsa biyar, da hukumomin Tawa, da ma'aikatar kiwo, su haɗa wannan aiki da riga-kafin haukan kare. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki riga-kafi, yaɗuwar ciwon tana tsayawa, amma ba a riƙe wannan adadi in kullum sababbin kwikwiyoyi na shigowa. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya, ta dace a fara rubuta sunaye, a yi tiyatar a Disamba da Janairu. Hukuma ta ba da ɗaki mai ruwa da wuta a kowace gunduma, ta ɗauki nauyin maganin barci da zare, masu dabbobi su biya ladan aiki, a kuma yi wa duk dabbar da aka gama alama a kunne don kada a sake kama ta a buɗe ta a banza.

Wassalam.

Daga wasu likitocin dabbobi da ma'aikatan kiwo,
Yamai, Jamhuriyar Nijar.