A Buɗe Wa Yaran Kulob-kulob Ƙofar Gasar Golf

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga Hukumar Wasan Golf ta Najeriya da ta ba kulob-kulob dama su riƙa fitar da tawagar yara zuwa gasar ƙasa irin ta gaba-da-gaba.

A wannan tsari ba a tara yawan bugu. Rami-rami ake lissafi: wanda ya jefa ƙwallo da ƙarancin bugu shi ya ci ramin. Yaro zai iya ɓata rami ɗaya da bugu tara, ƙwallonsa ta nutse a yashi ko ta shige ciyawa, ya karkaɗe wando ya tafi na gaba, asararsa rami ɗaya tak. Wanda ya yi gaba da rami uku alhali saura biyu, wasa ya ƙare. Wannan ya fi dacewa da mai koyo.

A Amurka, gasar matasa ta ƙasa da aka faro a 1948 haka ake ƙarasa ta, 'yan wasa 64 na fafatawa har a fitar da gwani. Tiger Woods ya lashe ta sau uku a jere, daga 1991 zuwa 1993.

Muna da filaye a Kano da Kaduna da Rayfield ta Jos da IBB a Abuja. Yaran da ke ɗaukar wa manya jakar sanduna kuwa, wallahi wasunsu sun fi iyayen gidan nasu iya karanta gangaren fili. A ara musu sanduna, kowane kulob ya ɗauki nauyin mota da masaukinsu.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna