Kada A Sayar Da Tsohon Risho Na Tagulla A Matsayin Tarkace

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi kira ga duk wanda yake da tsohon rishon tafiya a ajiye, irin na tagulla mai famfo wanda ake zuba wa kananzir, da kada ya miƙa shi ga masu sayen tsofaffin ƙarafa. Narkar da shi za a yi, alhali mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, 'yan ƙananan abubuwa ne kawai suka mutu a ciki.

Nawa na same shi ne a akwatin marigayi kawuna, naɗe da tsumma, ƙafafunsa uku a cire. Tankin ya yi baƙi ƙirin, sai da na goge da yatsa sannan sunan kamfanin Primus ya fito. Wani maƙeri ɗan ƙasar Suwidin, Frans Wilhelm Lindqvist, shi ya ƙirƙiro irin wannan risho a birnin Stockholm a 1892. Irinsa Roald Amundsen, matafiyi ɗan ƙasar Norway, ya ɗauka lokacin da ya isa ƙarshen kudancin duniya a 1911, kuma da shi masu hawan dutsen Everest suka riƙa narkar da ƙanƙara a 1953. Daga 1911 kamfanin ya riƙa buga harafi a gindin tanki don nuna shekarar ƙira, ya fara da A. Nawa harafi ɗaya ne tal, wato ya girmi Yaƙin Duniya na Biyu.

Ba shi da lagwani, kuma nan ne hikimar take. Famfo yana cusa iska cikin tanki, iskar ta tura kananzir sama ta bututu. Kafin haka sai an zuba sifirit a ɗan kofin da ke ƙarƙashin kan rishon a kunna, har bututun ya yi zafi. Idan kananzir ya ratsa zafin sai ya zama tururi, ya fita ta wani ɗan rami da bai kai kaurin allurar ɗinki ba, ya haɗu da iska, ya ci da shuɗiyar wuta marar hayaƙi.

Da na ja famfon nawa, sai ya tafi sakayau, ba ya kama iska ko kaɗan. Na zaro shi, na tarar da 'yar fatar da ke bakinsa ta bushe ta tsage. Sabuwa na sa, bayan na jiƙa ta a mai ta kwana har ta yi laushi. Robar murfin tanki ita ma ta ƙandare, na canza. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne bawul ɗin da ke can ƙasan bututun famfo, mai hana kananzir dawowa. Yana da sifana ta musamman, doguwa, kuma dole a danne ta sosai kafin a murɗa, in ba haka ba kan bawul ɗin ya cinye, a shiga wahala. Ramin wutar kuwa da allurarsa ake tsokane shi. Kada a sa allurar ɗinki ko waya, domin ramin zai buɗe, wutar ta koma ja mai hayaƙi, sai dai a canza ɗan ƙarfen da ramin yake jiki.

Kafin in zuba ko ɗigon kananzir, na buga iska na tsoma tankin cikin bokitin ruwa ina kallo. Inda duk kumfa ta fito, nan yake yoyo. Wannan gwajin ba abin tsallakewa ba ne, saboda tsohuwar tagulla takan yi tsaga siririya wadda ido ba ya gani, kuma tankin da ya tsage ya gama aiki, a ajiye shi don tarihi kawai. Na ga masu fara gyara da goge-goge don ya yi ƙyalli, ni kuwa a ganina gugar ita ce ƙarshe. Ko ita ma a guji man goge ƙarfe mai sinadarin amoniya, domin yana tsaga tagulla. Ruwan tsami da tsumma sun wadatar.

Ranar da na kunna shi a fili, sifirit na gab da ƙarewa na rufe 'yar kusar iska, wadda ake kwancewa don sakin iskar tanki, na buga famfo a hankali. Ya yi tari, sai wuta ta zauna shuɗiya tana ruri, har na gefe ya ɗaga murya kafin in ji shi. Na tsaya ina tunanin hannun kawuna a kan wannan famfon.

Sai gargaɗi, don kada gyara ya zama ɓarna. Rishon kananzir ba a zuba masa fetur, ko da cokali ɗaya ne. Akwai masu amfani da farin fetur na musamman, kamar Svea 123 da ya fito a 1955, amma ƙirarsu daban ce. Ba a kunna shi cikin rufaffen tanti ko ɗaki, domin iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuma kisa. Idan wuta ta tashi ja tana lasar sama, a daina buga famfo, a kwance kusar iska, nan take za ta mutu.

Ina kuma roƙon tsofaffin masu gyaran risho da fitilar famfo su koya wa matasa yankan fatar nan da cire bawul tun suna da ƙarfi, ita ma jaridar nan ta nemo ɗayansu ta yi hira da shi.

Na gode.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka kullum